Murfin Kwalba

Ranar da Azara ta kawo shi
ko sallama ba ta ƙarasa ba ta juya,
kwanon dako a hammata,
kada motar Kejetiya ta cika ba ita.
Ta bar mini yaro da leda ɗaya:
wando, kofi, ƙosai uku da suka huce.

Mutaru. Shekara huɗu ba wata biyu.
Bai yi kuka ba, abin da ya dame ni ke nan.
Mai kuka ka san ta inda za ka kama shi.
Shi lungun bayan ƙofa ya nema,
inda muke jingine tsintsiya,
ya tsuguna, hannun dama a dunƙule.

Na yi ta kiransa daga tsaye
da muryar nan tamu ta malamai,
zuma a sama, gaggawa a ƙasa.
Na gwada Hausa, na gwada yaren Asante.
Ya dube ni kamar mai duban katanga.

Mma Lariba mai dama mana koko
ta ce, ba ta ma ɗago daga tukunya ba,
"Kin yi masa tsawo, Malama.
Kaza ma sai ta kwanta
'ya'yanta ke samun wurin shiga."

Washegari na zauna a siminti
da zanina mai guga, kusa da tsintsiya.
Ban dube shi ba. Na yi ta fiƙe fensir.
Yara ashirin da shida suna dariya:
Malama ta yi laifi, an ba ta horo!
Kwana tara gwiwata tana zagina.
Ban taɓa hannun nan ba,
ko da yake Allah ya sani na so.

Ran na goma sama ta ɓalle a Abowabo,
kwano yana ƙara, kwata ta cika ta tumbatsa.
Aradu ta faɗi, ajin ya hargitse.
Sai na ji kafaɗa, 'yar mitsitsiya,
ta jingina da damtsena.
Ƙafata ta yi sanyi, ta mutu.
Na bar ta a mace.

Da ruwa ya tsagaita ya buɗe tafin:
murfin kwalba, ja, a lanƙwashe.

Tun ranar nake tafiya kai a ƙasa,
ina tsintar murafe a ƙofar shagon Isaka
har matarsa ta tambayi lafiyata.
Ina zubawa a tsakaninmu,
yana ware ja daban, kore daban.

Na roƙi Azara kalma ɗaya a yarensu,
wadda ake faɗa wa yaro in ya kyauta.
Na haddace ta a mota, na kawo masa.
Ya ɓata fuska.
Ya maimaita ta, a hankali, sau biyu,
yana kallon bakina.
Maganarsa ta farko a makarantar nan
gyara ce ya yi wa malamarsa.

Ba kullum na iya ba.
Wata Laraba ya ɓarar da koko a littafin rajista
na daka masa tsawa.
Kwana uku yana bayan ƙofa.
Na koma siminti, na ce na yi kuskure.
Ban taɓa ba ɗan shekara huɗu haƙuri ba.
Harshe ya yi nauyi, amma ya fita.

Yanzu shi nake roƙo ya rage surutu.

Jiya a mota na laluba jaka,
na miƙa wa kwandasta canji.
Ya ɗaga wani abu ja, a lanƙwashe,
ya ce wannan ba kuɗi ba ne,
zai cilla ta taga.
Na riƙe masa hannu
har mutane suka waiwayo.